Wayar da Ta Bi Shanu

Duk wanda ya taɓa sauka a Kwanar Dangora da katin manomi a aljihu ya san teburin Malam Zakari. Yana cikin wani shago mai ƙofar ƙarfe, bayan masu sayar da rake, inda wani kamfanin raba takin zamani mai rangwame ya buɗe ofishi don manoman Kiru da Bebeji da Tudun Wada, har zuwa Doguwa. A jikin bango an liƙa takarda da Turanci, wai nan ne wurin neman taimako. Babu mai karanta ta. Mutane dai sun san nan ake zuwa idan kwamfuta ta ce ba ta san mutum ba, kuma ba wanda yake zuwa nan da fara'a.

Zakari haifaffen Dangora ne, ɗan gidan manoma. Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana rarrafe, shi ya sa da 'yan'uwansa suka bi mahaifinsu gona, shi aka tura boko, ba don an ga wani haske a goshinsa ba, sai don an rasa aikin da za a ba shi. Ya yi difloma a Kano, ya yi shekara tara yana buga wa mutane takardu a wani shago kusa da kotu, da mahaifinsa ya rasu ya tattaro ya dawo gida. Yanzu shekarunsa arba'in da shida, yana da mace ɗaya, Sumayya, da 'ya'ya huɗu. Kullum da hantsi za ka gan shi yana jan ƙafarsa zuwa shagon, da riga mai guga da hula zanna wadda ta ga jiya ta ga yau.

Aikinsa a takarda ɗan kaɗan ne: ya gyara suna, ya canja lamba, ya buɗe wa wanda aka kulle. Ainihin aikin kuwa shan faɗa ne. Mutum ya baro gonarsa tun asuba, ya hau acaɓa ya hau mota, ya tsaya a layi rana ta dake shi, sannan a ce masa sunansa bai fito ba. Duk abin da ya tara a ciki tun daga gida, a kan teburin Zakari yake juye shi. Zakari ba ya katse kowa. Yakan bari mutum ya gama tas, sannan ya tambaye shi mutanen gida, ya tambaye shi ruwa ya sauka a wajensu ko tukuna. Ba ya yi wa kowa Turanci, ba ya kuma juya allon kwamfuta ya ce wa tsoho “duba ka gani,” don ya san abin kunya ne a nuna wa mutum rubutun da ba zai iya karantawa ba a gaban jama'a.

Amma abin da ya yi suna da shi kalma biyu ce, kuma a shekararsa ta farko ya tsince ta. Wani manomi daga Badafi, ana ce masa Uba, ya zo sau uku sabis yana ɗaukewa. A zuwa na uku Zakari ya yi masa bayani dalla-dalla, cewa ba daga nan ba ne, daga sabis ne. Uba ya buga tebur ya ce a kira masa shi sabis ɗin su yi magana. Zakari ya sake bayani, Uba ya ƙara hawa, har ya kai hannu zai ciccibi kwamfutar. Gajiya ce kawai ta sa Zakari ya ce, “Laifina ne, ka yi haƙuri.”

Uba ya saki kwamfutar, ya koma benci ya zauna. “To ai da ka faɗa tun ɗazu,” in ji shi. Kafin ya tafi har addu'a ya yi masa, Allah ya ƙara basira.

Daga ranar Zakari ya gane cewa mutanen nan ba bayani suke nema ba. Ba su san inda za su sami na'ura su yafe mata ba, amma sun iya yafe wa ɗan'adam, kuma suna jin daɗin yin hakan. Sai ya mayar da abin sana'a. Sabis ya ɗauke, laifinsa ne. Wani a can hedikwata ya rubuta Kiru a madadin Bebeji, laifinsa ne. Tsohuwa ta zo da lalle baƙi ƙirin a yatsu na'ura ta ƙi karanta su, nan ma laifinsa ne, ta dawo bayan sati biyu. Shekara bakwai ba a taɓa dambe a shagon ba, alhali a wasu wuraren har 'yan sanda ake kira.

Mutum biyu ne abin bai taɓa yi wa daɗi ba. Ogansa Abdulbasit, wani matashi da ke zuwa daga Kano ran Litinin da turare mai ƙarfi, ya sha ce masa kamfani ba ya amsa laifi, kuma ba a ɗauke shi don ya amsa ba. Sumayya kuwa ba ruwanta da kamfani. Ita cewa take, “Baban Khairiyya, kai kullum sai ka dawo da kayan da ba naka ba. Wata rana za ka ɗauki wanda wuyanka ba zai iya ba.” Shi kuma ya yi dariya ya ce magana ce kawai, ba nauyi gare ta ba.

Da bazarar shekarar da ake magana, lokacin rijista, wani dattijo ya zo daga wata ruga a bayan Burumburum. Sunansa Dikko, dogo, siriri, da farin gemu da sanda. Bafillace ne da noma ya ci rabin rayuwarsa. Da can kashin shanunsa ya ishi gonarsa, amma tun shekarar da ciwon huhu ya shiga garken, shanun suka ragu, ƙasar ma ta gaji, masara ba ta yi sai da takin zamani. Na kasuwa ya fi ƙarfinsa. Mutum goma sha uku ne ke ci daga rumbunsa, kuma buhu biyun da kamfanin zai ba shi su ne tsakanin gidan da yunwa.

Ya dangwala yatsa, na'ura ta karɓa. Zakari ya tambayi lambar waya. Dikko ya cire hula, ya zaro wata 'yar takarda da aka ninke ta yi laushi, ya miƙa.

“Wayarka ce, Baffa?”

“Ta gidanmu ce.”

Zakari ya shigar da lambar ya kira na gaba. Tambaya ɗaya ta rage da bai yi ba, kuma mutum sittin ne a layi.

Ana shiga damina kamfanin ya sauya doka. An ce wasu na karɓar taki da katin wasu, don haka daga yanzu ba a ba kowa buhu sai an tura masa lambar sirri a waya, ya karanto ta kafin minti biyar, in ba haka ba ta mutu. Wanda ya tsara wannan, ko shakka babu, yana zaune ne a inda kowa ke da waya a aljihu da wutar caji a bango. Aka kuma sa ranar rufewa: Alhamis ta ƙarshen wata, ƙarfe huɗu na yamma.

Saura kwana goma sha ɗaya a rufe, Dikko ya iso. Masararsa ta yi sati uku, ya gama noman farko, ƙasa a jiƙe, taki kawai take jira. Masu ba da buhu suka turo shi teburin Zakari.

“Baffa, an tura maka saƙo. Ina wayar?”

“Tana wurin Lado.”

“Wane ne Lado?”

“Ɗana.”

“To a kira shi ya shigo.”

Dikko ya dube shi kamar ya faɗi abin dariya. “Lado yana wurin shanu.”

Zakari ya san abin da ake nufi. Da zarar shuka ta fito, mutanen ruga kan kore shanu daga kusa da gonaki, su shige da su daji can wajen Doguwa, ba su dawowa sai an kawar da amfani. Waya kuwa, in guda ce a gida, wanda ke tare da shanu take bi, don can ne ake ciwo ba magani, can ne ake gamuwa da ɓarayi. Na gida suna da maƙwabta. A wajensu wannan ba abin tambaya ba ne. Inda Lado ya sauka babu sabis, sai ya yi tafiyar awa biyu ya haye wani rafi ya hau kan dutse, kuma ran Juma'a kaɗai yake yin haka, ya kira wayar wani maƙwabci a gaisa.

Zakari ya fara bayanin minti biyar. Bai kai ƙarshe ba Dikko ya buga sanda a ƙasa.

“Ga ni a tsaye! Ga katina, ga fuskata a jiki. Ni za a ba taki ko waya? Kai ka rubuta ni da hannunka, yau kuma ka ce sai an tambayo daji ko ni ne?”

Benci ya cika, ana ta kallo, wasu har sun fara taya shi. Abin da ya kamata Zakari ya faɗa bai fi numfashi ɗaya ba: lambar da ka ba ni ba ta wannan aikin ba ce, wayar da ke kwana a gida ake so. Amma faɗar haka yana nufin ya ce wa dattijo kai ka yi kuskure, a gaban sa'o'in 'ya'yansa. Bakinsa ya riga ya saba da hanya mai sauƙi.

“Laifina ne, Baffa. Zauna, in Allah ya yarda za mu gyara.”

Dikko ya zauna, huci ya ragu. Ya ce, “To, tunda ka sani.”

Hanyar farko ita ce a canja lambar, kuma ba a canjawa sai mai katin ya dangwala yatsa. Zakari ya goge gilashin na'urar, ya kama babban yatsan Dikko ya ɗora. Ta nuna jar wuta. Ya gwada manuni, jar wuta. Yatsun da na'urar ta karɓa da bazara ba su ne waɗannan ba. Wata guda na fartanya ya cinye zanensu, sun yi sumul a tsakiya, gefe duk faso. Zakari ya fito da dabarun da ya tara a shekara bakwai. Ya sa shi ya goga yatsa a goshi. Ya shafa masa basilin ya goge. Ya aika aka kawo ruwa a kofi ya jiƙa hannun, ya bari ya sha iska. Yatsu goma, kowanne sau uku, babu wanda ya ba da kore.

Dikko ya ɗaga hannuwansa yana dubawa. “Shekara saba'in ina aiki da su,” ya ce a hankali. “Yau wannan abar ce za ta ce ba nawa ba ne?”

Babu wanda ya yi dariya a bencin, don rabinsu irin hannun ke gare su.

Zakari ya kira Abdulbasit. Abdulbasit ya ce a rubuta koke a tura hedikwata, amsa kan zo cikin sati biyu zuwa uku. Zakari ya ce saura kwana goma sha ɗaya. Abdulbasit ya ce ya sani, ba shi ya yi dokar ba, kuma yana tuƙi. Zakari ya rubuta koken duk da haka, ya tura.

Sai ya rage Lado. Zakari ya rubuta tasa lambar da manyan baƙaƙe ya ba Dikko. In Lado ya kira ran Juma'a, a karanta masa ita, a ce ya hau dutse ran Talata da azahar ya kira wannan lambar, kada ya sauko. In Talata ba ta yiwu ba, Laraba, in ba ta yiwu ba, Alhamis. Ya maimaita sau uku, Dikko ya maimaita masa, ya sa takardar a hula.

Ran Talata tun hantsi Dikko yana kan benci. Bai ci komai ba, ya ƙi shayin da Zakari ya aika a kawo masa. Wajen azahar gabas ta haɗe, can ta Doguwa sama ta yi baƙi. Zakari ya ajiye wayarsa a kan tebur, yana sallamar mutane yana satar kallonta. Duk bayan mutum biyu sai ya kira layin Lado, muryar matar nan ta ce ba a samunsa. Haka har la'asar sakaliya. Ran Laraba ma haka. Dikko bai koma gida ba, ya kwana wurin wani ɗan'uwansu mai sayar da nono a bakin kwana, don tafiyar ta fi ƙarfin zuwa da dawowa.

Ran Alhamis shagon ya cika har waje, kowa da nasa kukan. Zakari bai tashi cin abinci ba. Ƙarfe uku ya kira, babu. Uku da rabi, babu. Saura minti goma ya yi abin da ya san ba shi da amfani, ya tura lambar sirrin haka nan, ko Allah zai sa ta tarar da Lado a kan dutse. Minti biyar suka cika, ta mutu. Ya sake turawa. Ƙarfe huɗu daidai shafin ya rufe kansa, masu ba da buhu suka fara jan ƙofar sito.

Huɗu da minti ashirin wayarsa ta yi ƙara. Murya ce ta saurayi, yana haki, iska na kaɗawa a bayansa.

“Malam, Lado ne. Rafi ne ya cika tun shekaranjiya, yau na samu na haye. Ga saƙo ya shigo, in karanta?”

Dikko ya riga ya miƙe, ya zo ya tsaya a bakin tebur.

“Karanta,” in ji Zakari.

Lado ya karanto lambobi shida ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada ya yi kuskure. Zakari ya rubuta su a takarda, ya ce masa sannu da ƙoƙari, ya sauka a hankali kada ya zame. Sannan ya juya ga kwamfuta ya buga lambobin a shafin da ya san ya rufe. Shi kansa bai san dalilin da ya sa ya yi haka ba.

“An samu?” in ji Dikko.

Zakari ya dubi dattijon. In ya ce Lado ya makara, ya san abin da zai tarar da yaron in ya dawo daga daji, yaron da ya shiga ruwa har wuya don lambobi shida. Ya ce, “Ya karanto daidai, Baffa. Ni ne ban yi sauri ba.”

Dikko bai buga sanda ba wannan karon. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, “Allah ya isa tsakanina da kai,” ya fita.

Zakari ya sha jin wannan kalmar a teburin nan, amma da zafi ake faɗa masa ita, kuma kafin mutum ya kai bakin titi ta huce. Wannan a sanyaye aka faɗe ta. Ya koma gida ya kasa cin tuwo. Da Sumayya ta ji labarin ba ta ce “na faɗa maka” ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Magana ta bi motocin kasuwa. Kafin sati biyu an san ta a Burumburum da Tudun Wada: mai kwamfutar Dangora ya hana wani tsoho taki, kuma shi da bakinsa ya amsa, a gaban mutane, har sau biyu. Da ta zagayo Dangora ta yi ƙiba, wai sayar da buhunan ya yi. Mutanen da ya ɗauke wa laifin sabis da laifin lalle shekara da shekaru suka fara tunawa. Ashe kuwa, ni ma ya taɓa ce min laifinsa ne. Uban nan na Badafi ma an ji shi yana cewa shi tun farko ya gane take-takensa. Mai unguwar su Dikko ya kai ƙara, Abdulbasit ya kawo wa Zakari takardar gargaɗi, ya ce ya san bai ci komai ba, amma wanda ya amsa da bakinsa ba a iya kare shi. Amsar koken hedikwata ta zo bayan sati biyar, an ce an duba, lokaci ya wuce.

Ba a kore shi ba. Abin da ya canja a bencin ne. In ya tambayi mutum mutanen gida, sai a ce lafiya a taƙaice, ido na kan hannunsa. Wasu suka fara zuwa da 'ya'yansu 'yan makaranta su tsaya a bayansa suna karanta allo. Wannan ya fi takardar gargaɗi yi masa ciwo, kuma bai gaya wa kowa ba.

A watan Agusta ya je ta'aziyya Tudun Wada. A hanyar dawowa ya ce wa ɗan acaɓa ya bi ta bayan Burumburum, ya tambayi gonar Dikko, aka nuna masa. Ba ta buƙatar nuni. Gonakin gefe sun yi duhu, masara ta fi mutum tsayi ta yi goyo. Ta Dikko iya ƙugu, ganye rawaya, kara siriri, an nome ta tsaf babu ko ciyawa ɗaya. Daga nesa ya hango mata biyu suna tsinkar rama a gefen kunya. Ɗan acaɓa ya ce ko su ƙarasa rugar, Zakari ya ce a'a, su tafi.

Da kaka ya ji cewa abin da Dikko ya samu bai kai su ƙarshen sanyi ba, sai da ya fitar da karsana biyu daga ɗan abin da ya rage a garken ya sayi hatsi. Wanda ya san Bafillace ya san abin da karsana take a wurinsa.

Bazara ta zagayo, aka buɗe sabuwar rijista. Wata Laraba da hantsi Zakari ya ɗaga kai ya ga Dikko a ƙofa. Ya rame, gemun ya ƙara fari, sandar yanzu dogara ta yake yi da gaske. Ya bi layi kamar kowa. Da aka zo kansa ya yi sallama, ya zauna, ya ajiye wata 'yar ƙwarya a kan tebur, man shanu ne a ciki an rufe da faifai.

“Malam Zakari, na yi maka Allah ya isa bara.”

“Haka ne, Baffa.”

“Na yi jinya da sanyin nan, har an fara kiran 'yan'uwa. Ina kwance na ce, in na tafi da yaron nan a raina, me zan ce? Kai ɗan'adam ne, ka yi kuskure, kuma ba ka ɓoye ba, ka faɗa da bakinka. Ba kowa ke yin haka ba. Na zo in ce maka na janye. Na yafe maka duniya da lahira.”

Wani a benci ya ce Allahu akbar. Zakari ya ji idonsa ya kawo ruwa, don wata takwas ke nan yana ɗauke da kalmar nan, kuma ko da ba shi ya yi laifin ba, sauke ta da aka yi ya ji ta har ƙashinsa. Ya ce, “Na gode, Baffa. Allah ya yafe mana baki ɗaya.”

“Amin. To, rubuta ni na bana.”

Dikko ya dangwala yatsa, na'ura ta ba da kore nan take, don hannun ya huta tun kaka. Sannan ya cire hula ya zaro 'yar takardarsa ya miƙa. Zakari ya buɗe. Lambar Lado ce.

Ya daɗe yana kallon takardar. Me zai hana Dikko kawo ta? An gaya masa lambar ba ta da aibu, Lado ya karanto daidai, mai kwamfuta ne bai yi sauri ba. In Zakari ya shigar da ita, ya riƙe yafiyarsa, dattijo ya tafi da farin ciki, sannan damina ta zo wayar ta bi shanu. Ya yi tunanin ya sa tasa lambar a ɓoye, amma kwamfuta ba ta karɓar lambar ma'aikaci, kuma da sunan da ya yi yanzu, wannan kaɗai ya isa a ce ga shaida. Babu wata hanya sai ta baki.

“Baffa, wannan lambar ba za ta yi ba. A samo ta wani maƙwabci da ke kwana a gari.”

“Me ya same ta? Bara ita ka rubuta.”

“Ita ce ta hana ka taki bara.” Muryarsa ta yi ƙasa, amma shagon ƙarami ne. “Wayar tana daji, saƙon yana mutuwa kafin a same shi. Ranar nan da Lado ya kira, an riga an rufe da minti ashirin. Ba laifinsa ba ne, ruwa ne ya tare shi. Amma ko na fi kowa sauri a duniya, ba abin da zan iya. Na ce ni ne don kada ranka ya ɓaci da shi.”

Fuskar Dikko ba ta nuna fushi ba, wani abu ne mai kama da kunya, irin ta wanda ya yi kwalliya ya zo biki aka ce masa ba yau ba ne.

“Wato ni ne na kawo lambar banza. Ɗana kuma ya makara.”

“Ba haka nake nufi ba, Baffa.”

“Bara ka ce kai ne. Sau biyu, mutane suna ji. Yau da na taso daga Burumburum da ciwo a jikina na yafe maka, ka ce ba kai ba ne, ni ne da ɗana.” Ya girgiza kai. “To wanne zan ɗauka? In na bara ƙarya ne, ka bar ni na yi wa marar laifi Allah ya isa, na kwana da ita wata takwas. In na yau ne ƙarya, ba ka ji kunyar furfurata ba.”

Zakari ya ajiye takardar a kan tebur.

Dikko ya miƙa hannu ya ɗauki takardarsa, ya ninke ta yadda take, ya mayar cikin hula. Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. Wani ya nuna masa ƙwaryar, Dikko ya ce a bar ta, abin da ya kawo ya kawo.

“Baffa, ba a gama rijistar ba. Lamba kawai ta rage. Ko ta waye ka kawo, zan jira ka.”

“Bari dai, Malam,” in ji Dikko daga bakin ƙofa. “Ni ban san lokacin da ake yarda da maganarka ba.”

Zakari ya bar shafin a buɗe har aka tashi, washegari ya sake buɗe shi. Ya aika saƙo ta hannun mai sayar da nono, ya aika ta hannun wani direban Tudun Wada, ya ce ko lambar mai unguwa ce a turo masa. Babu wanda ya dawo da amsa. Ƙarshen wata aka rufe rijista, manoma dubu huɗu da wani abu daga ƙananan hukumomi huɗu, babu sunan Dikko a ciki. Sati uku bayan haka aka yi ruwan shuka.